Hular Kofur Sala

Moshi Zango, Kumasi
20 ga Nuwamba, 1969

Zuwa ga Kawu Issaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, ya kuma ibada. Mu nan lafiyar jiki akwai, sauran kuwa ka ji a rediyo.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Rabonmu da magana tun ranar sunan nan da na ce a gaban mutane sana'arka sayar wa Turawa shara. Na faɗa, ban manta ba, ka yi haƙuri. Yau sharar nake nema.

Ka ji dokar: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin kwana goma sha huɗu. Ni da ƙanwata Safura an ce ba ruwanmu, tunda marigayiya Inna 'yar Salaga ce kamar kai, takardun asibitinmu kuma suna nan. Baba ne abin ya hau. Jiya na raka shi ofis, muka tsaya a layi tun hantsi har la'asar da azumi a baki, shi da ƙafar nan tasa mai ciwo. Akawun ya tambaye shi inda aka haife shi, ya ce Kete Karaci. Ya ce ubanka fa? Baba, da gaskiyar nan tasa da ba ta taɓa tsinana masa komai ba, ya ce Doso. Shi ke nan aka rubuta Nijar. Mutumin da bai taɓa wuce Tamale ba! Shekara arba'in yana ɗaure huhun goro a Kumasi, yaren Asante ma ya fi akawun iya zagi da shi.

Akawun ya ce in Baba ya kawo shaidar cewa a ƙasar nan aka haife shi, za a duba. Na ce masa, “Massa, ranka ya daɗe, garin yana ƙarƙashin tafkin Bolta shekara biyar ke nan, da masallacin, da kabarin kakana, da na ungozomar. Ko in kira maka kifi ya zo ya yi rantsuwa?” Baba ya taka mini ƙafa.

Da muka dawo, bayan shan ruwa, Baba ya buɗe adakarsa ya ciro wata hula da ban taɓa gani ba. Ya ce ta mahaifinsa ce, Kofur Sala, wanda ya yi wa Jamus aikin ɗan sanda a Karaci, kuma yana cikin aikin aka haifi Baba. Jar dara ce, amma jan ya koma kalar goron da aka tauna. Tuntunta asu ya ci rabi. A goshi akwai tsuntsu na ƙarfe da fikafikai a buɗe.

Kawu, an ce duk Ankara ba wanda ya fi ka sanin kayan sojan Turawa na da. Hular nan za ta iya faɗin shekararta da garinta? In za ta iya, ta yi magana yanzu. Saura kwana goma sha biyu. Ka ba direban motar goron nan amsa, gata zai juyo.

Ka gaida Inna Humu da yara. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Buraima

Sabon Zango, Ankara
23 ga Nuwamba, 1969

Bismillahi.

Zuwa ga ɗana Buraima ɗan Rafi'u, gaisuwa da sa albarka. Takardarka ta iso, na karanta ta sau biyu. Ka gaishe mini da surukina, ka ce masa ina tare da shi a addu'a. Maganar shara na yafe tun ranar, amma na ajiye ta a gefe don na san wata rana za ta yi amfani.

Da so samu ne da na zo da kaina, to ba mota. Duk motar da ta tashi daga nan cike take da masu barin ƙasa da tabarminsu. Saboda haka kai ne idona. Ka saurara, ka kuma ajiye zafin kan nan naka har ka gama.

Kafin komai, kada a wanke hular, kada a goge ta, kada mace ta ce za ta gyara ta don a fita kunya. Dattin da ke jikinta shi ne shekarunta.

Hulunan Jamus goma sha ɗaya ke cikin kabad ɗina, ba na sayarwa ba ne, kuma ga abin da suka koya mini. Dubi kan tsuntsun, gaggafa ce. In akwai kambin sarauta a kanta, to ta zamanin Sarkin Jamus ce, kafin yaƙinsu na farko ya ƙare. Ka sa yatsa ta ciki ka taɓa bayanta. Ta ainihi ƙafafu biyu sirara gare ta, da suka huda ƙyallen aka lanƙwasa su. In ka ji dalma ko kusa mai murɗawa, aikin maƙeranmu ne na nan, na san su, wasu ma abokaina ne. Sannan ka ɗan ɗaga gefen fiffike a hankali. In jan da ke ƙarƙashi ya fi na waje haske, tsuntsun ya daɗe a wurin, ba jiya aka liƙa shi ba. A abin da na gani, daf da yaƙi hana-salla ta kaki aka koma ba 'yan sandansu, saboda haka dara ta girme ta.

To amma ɗana, duk wannan zai ce maka hular Jamus ce, tsohuwa ce. Ba zai ce maka Karaci ba. Jamus sun yi 'yan sanda tun daga Lome har Mango, har Kamaru, kuma yawancin wuraren nan hannun Faransa suka faɗa. Hular da ba ta faɗi garinta ba, akawu zai iya cewa ta ƙara tabbatar da baƙuncin ubanka.

Abin da muke nema yana ciki. Ka juya ta, ka dubi shafin da aka ɗinka mata, daidai tsakiyar kai. Wani lokaci mai kula da sito yakan buga hatimi a wurin, da shekara da sunan bariki. Cikin goma sha ɗayan nan tawa, huɗu kawai ke da shi. Ka duba a hasken rana, ka rubuto mini duk abin da ka gani, ko ɗigo ne.

Allah ya sa mu ji alheri. Ka gaida Safura.

Kawunka,
Issaka Bawa

Moshi Zango, Kumasi
26 ga Nuwamba, 1969

Kawu,

Salama da gaisuwa, ya ibada. Ka yafe mini gajarta gaisuwar, raina a ɓace yake.

Takardarka ta zo a makare da yini ɗaya. Safura ta riga ta sa toka da lemun tsami ta goge gaggafar har tana ɗaukar ido, wai kada a ce 'ya'yan Rafi'u ƙazamai ne. Na yi mata faɗa har ta yi kuka, na dawo ina ba ta haƙuri. Amma sauran duk yadda ka ce. Kambi yana nan. Ƙafafu biyu sirara, a lanƙwashe. Jan da ke ƙarƙashin fiffike kamar yau aka rina shi.

Na juya ta ciki. Kawu, daidai inda ka ce in duba, rami ne. An yanke shafin da almakashi, kusurwa huɗu, faɗin tafin hannun jariri. Ba asu ba ne, ba ɓera ba ne. Hannun mutum ne mai natsuwa.

Na kai wa Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana jan carbi. Na ce, “Baba, wa ya yanke nan?” Ya ajiye carbin. Can ya ɗage hannun rigarsa na hagu. Ka san kambun nan da ke damtsensa, baƙin nan da ko wanka zai yi ba ya cirewa? Ya ɗora yatsa a kai ya ce, “Ga shi nan.”

Wai Kofur Sala ya je yaƙin Jamus da Ingilishi ya dawo ko ƙwarzane babu, alhali na damansa da na hagunsa duk sun faɗi. Kakata ta tabbata rubutun da ke cikin hular ne ya tsare shi, asirin Bajamushe. Da ya rasu shekarar babbar mura, Baba yana da shekara bakwai, sai ta yanke rubutun ta kai wa baduku ya ɗinke, ta ɗaura wa ɗanta. Sau uku ana sake masa fata a kan ta da, ana ƙara tsawon igiya, ba a taɓa buɗewa ba.

Na ce, “Baba, ba asiri ba ne, hatimin sito ne! Irin wanda ake buga wa buhun siminti!”

Ya ce, “Kai ka gani?”

Na ce, “To a buɗe mu gani mana.”

Ya ce, “Laya in an buɗe ta, ta mutu. Uwata ta ce ranar da na raba shi da jikina, ranar zan ga abin da ban taɓa gani ba.”

Na ce, “Doso ma ba ka taɓa gani ba, ga shi za ka gani da shi a hannunka!”

Ya dube ni ya ce, “Buraima, karatun jaridar ƙosai ya sa ka fi uwata sani?” Ya sauke hannun riga ya ci gaba da carbinsa.

E, a takardar da ake naɗe ƙosai na koyi karatu, ba wanda ya kai ni makaranta, kuma ban ga amfaninsa ba yau. Abin da zai ceci mutum yana ɗaure a jikinsa, ni ina kallo, ba ni da ikon taɓawa. Gidan da ke kallon namu sun tafi jiya, sun bar tukunya a kan murhu. Layinmu yanzu awaki sun fi mutane yawa.

Kai yana jin maganarka. Don girman Allah ka rubuto masa. Saura kwana shida.

Ka huta lafiya.

Buraima

Sabon Zango, Ankara
29 ga Nuwamba, 1969

Bismillahi.

Ɗana Buraima, gaisuwa da sa albarka. Na ji duk abin da ka rubuto.

Ka daina ɗaga wa mahaifinka murya. Kai kana ganin ƙyalle, shi yana ganin hannun uwarsa. Shekara hamsin da ɗaya ba a kwance su da gardama.

Kuma dole in gaya maka gaskiya kafin a sa wuƙa. Ban san abin da ke ciki ba. Gumin shekara hamsin yana iya cinye tawada. Yana yiwuwa a buɗe a ga Lome ko Mango. Yana yiwuwa a ga lamba kawai. Ni hula na sani, ban san zuciyar akawu ba.

Duk da haka ban ga wata ƙofa ba. Ga 'yan layuka nan, ka karanta masa a hankali, ba da muryar da kake karanta jarida ba:

Surukina Rafi'u, ina gaishe ka. Ban isa in ce ka saɓa wa mahaifiyarka ba. Amma ƙanwata tana kwance a maƙabartar Tafo, kuma na san kowace Juma'a kana zuwa ka cire mata ciyawa. In ka tafi Doso, wa zai je? Mahaifiyarka ta ɗaura maka abin nan don ya tsare ka. Wataƙila yau ce ranar da aka ɗaura shi dominta.

In ya yarda, a kai wa baduku ya farke ta ɗinki, kada a yanka ta tsakiya. Kada ruwa ya taɓa ƙyallen, kada a ja shi. Na haɗo da takardar shaida da sa hannuna, cewa ina da hulunan Jamus goma sha ɗaya, na shekara talatin ina wannan sana'a kuma siffar da ka ba ni ta hular 'yan sandan Jamus ce ta ainihi.

Allah ya dafa mana.

Kawunka,
Issaka Bawa

Moshi Zango, Kumasi
3 ga Disamba, 1969

Kawu Issaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Zan faɗa maka yadda aka yi daki-daki, don in na tsaya tunani ba zan rubuta ba.

Na karanta masa layukanka ranar Lahadi. Litinin da safe ya ɗauki sandarsa ya tafi Tafo shi kaɗai, ya hana ni bin sa. Da ya dawo ya ce, “Kira mini Husseini baduku.”

Husseini ya zo da kayan aikinsa, da ya ji abin da ake so sai ya mai da su jaka. Ya ce, “Malam Rafi'u, ni ɗinkewa na gada, ban gaji buɗewa ba.” Baba ya ce, “Alhakin a wuyana.” Shi ya kwance igiyar da kansa. Kawu, inda kambun yake fatar fara ce fat, kamar ba jikinsa ba. Safura ta juya baya.

Fata huɗu Husseini ya farke, kowace da bisimilla. A can ciki ga ɗan ƙyalle a naɗe, ya yi baƙi-baƙi, ya ƙanƙance. Na buɗe shi a rana da bakin tsinke. Yana nan! Ƙaramar gaggafa, a ƙarƙashinta 1909, sannan sunan gari da irin rubutunsu mai tarin haruffa, amma Kete Karaci ne, ko makaho ya shafa zai gane. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Na karanta wa Baba sau uku. Ya ce, “Shi ke nan abin da aka rubuta?” Na ce shi ke nan. Ya ce, “Babu sunan Allah?” Na ce babu. Ya gyaɗa kai.

Jiya Talata, ranar ƙarshe, muka je. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Na shimfiɗa wa akawun hular, da ƙyallen, da takardarka. Na yi masa bayanin kambi, da ƙafafu biyu, da jan ƙarƙashin fiffike, yadda ka koya mini, ban ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya saurara, ba zan yi masa ƙarya ba. Har ya kira na kusa da shi ya zo ya ga tsuntsun, ya ce kai, ji ƙyalli, kamar sabo. Akawun ya ɗauki ƙyallen ya gwada a ramin, sai ga shi bai cika ba, ya rage ta kowane gefe. Na ce gumi ne ya tsuke shi. Ya ce ya yarda.

Sannan ya ce, “Abokina, na yarda da komai. Hular nan tana Karaci a 1909. To ina sunan tsohon nan a jiki? Ina inda aka ce an haifi yaro?” Na ce hular ubansa ce. Ya ce, “In ji wa? Kawunka ma yana da goma sha ɗaya, ga shi ya rubuta da hannunsa. Jamus ne suka haife shi?” Ya turo mana kayan ya ce da Baba, “Papa, ka yi haƙuri. Hular tana da takarda, ta iya zama. Kai ne ba ka da ita.”

Kawu, na tattara kayan. Baba ne ya yi masa godiya. Godiya!

An ba shi wa'adi zuwa Asabar. A hanya na ce mu koma wurin Husseini ya mai da kambun yadda yake, ba wanda zai sani. Ya ce, “An riga an karanta.” Tun jiya nake ganin hannunsa na dama yana zuwa damtsen hagu yana dawowa.

Na ce zan bi shi. Ya ce in na bar Safura ita kaɗai a gidan nan bai yafe ba. Ni na matsa masa, ni na sa ka ka rubuto. Da na bar shi, da aƙalla ya tafi da abinsa.

Ban san me zan roƙe ka ba yanzu. Ka yi mana addu'a.

Buraima

Moshi Zango, Kumasi
18 ga Janairu, 1970

Kawu,

Salama da gaisuwa, ka gaida Inna Humu. Takardunka biyu sun zo, ban iya amsawa ba. Ka daina cewa laifinka ne.

Baba ya tafi ranar Asabar ɗin, saura kwanaki kaɗan Salla, a bayan babbar mota da buta da tabarma. Wani ya ce ya gan shi a Bawku, bakin iyaka, suna jiran a buɗe musu hanya. Daga nan ba labari. Ranar Juma'a ni nake zuwa Tafo.

Ga hular nan na ba direba, ƙyallen yana ciki a naɗe a takarda. Baba ya ce a kai maka, kai ka san darajarta. Ka sa ta cikin 'yan uwanta su zama goma sha biyu. Ni ba na son ganinta.

Abu ɗaya nake roƙo. Fatake daga Nijar suna sauka wurinka. Duk wanda ya zo ta Doso, ka tambaye shi. Sunan Rafi'u ba zai taimaka ba, ba wanda ya san shi da shi a can. Ka ce tsoho ne dogo, yana jan ƙafar dama, Hausarsa ta Kumasi ce. In suna shakka, su dube shi lokacin alwala, in ya naɗe hannun riga. A damtsen hagu akwai farin zobe, faɗin yatsa uku. Amma su yi sauri, an ce ranar can tana da zafi, ba zai daɗe bai ɓace ba.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Buraima